Wace kalma za mu ba kolbak da Hausa?

Abdul-Razak, Nima:
Assalamu alaikum. Duk Asabar ina koya wa yara shida Node.js, manhajar da ke gudanar da shirin kwamfuta da aka rubuta da yaren JavaScript, a wani ɗaki bayan kasuwar Nima, kuma da Hausa nake bayani don ita ke shiga kansu. Jiya mun iso fs.readFile, umarnin da Node ke karanta fayil da shi. Wata yarinya ta rubuta umarnin karanta fayil, a layin ƙasa ta ce a nuna abin da ke ciki, sai allo ya ba ta undefined, wato babu komai a ciki tukuna. Sau uku tana duba sunan fayil ɗin, daidai yake. Abin da ya faru shi ne Node bai tsaya jira ba. Ya miƙa karatun, ya wuce layi na gaba tun ko harafi ɗaya bai iso daga faifai ba. Na ce mata duk abin da take so a yi da rubutun, cikin kolbak za ta sa shi. Ta ce, "Malam, mene ne shi?" Na rasa kalma. Wani yaro ya ce kira-baya. Me kuka gani?

Malam Sani, Aboabo, Kumasi:
Wa alaikumus salam. Kira-baya Turanci ne aka sa wa hula, Bahaushe ba zai gane komai a ciki ba. Ni amsa-kira nake cewa, tunda idan aiki ya ƙare ana kiransa ya amsa.

Rukayya, Mamobi:
Malam Sani, a gafarce ni, amsa-kira ya kama rabi ne. Kolbak ai ba kiran ba ne, fankshan ne, wato guntun umarni, da kai ka rubuta ka damƙa wa wani ya riƙe maka. Ku duba yadda muke yi da tela gab da Salla. Na kai yadi, ba zan zauna a benci ina kallon keke ba, ina da koko a wuta. Sai in ce masa, "In ka gama, ka ba ƙanena ya kai gida. In yadin bai isa ba, ka aiko a faɗa mini." Na tafi harkata. Wannan maganar da na bari ita kakata ke kira sallahu. Ban zaɓi lokacin da za a cika shi ba, tela ne ya san ranar gamawa.

Abin da ya ƙara sa na so kalmar: a Node, abu na farko da ake miƙa wa kolbak shi ne kuskure, sannan bayanan fayil. In fayil ɗin babu shi, ENOENT, kuskuren da ke nufin ba a sami fayil ba, za ka tarar a gurbin farko. Mai barin sallahu da hankali ma haka yake yi, yakan faɗi abin da za a yi in abu bai yiwu ba.

Malam Sani:
Na karɓa, 'yar'uwa. Har sauran ma ya zauna. A ƙarƙashin Node akwai wani sashe mai suna libuv, yana da zare huɗu, wato masu aiki a bayan fage, in ba ka canza ba, su ne yaran shagon da ke zuwa faifai su ɗauko. Mai shago, wato mai gudanar da umarnin da ka rubuta, ɗaya ne, yana ta sallamar jama'a, wanda aikinsa ya dawo a cika sallahunsa. readFileSync kuwa, umarnin karanta fayil da ke tsayawa jira, mai shagon ne da kansa ya tafi ɗauko kaya, layi ya tsaya cak. Amma tambaya: kolbak ɗin da ake ba forEach, umarnin da ke bin jeri ɗaya bayan ɗaya, fa? Shi nan take ake kiransa.

Rukayya:
Sallahu ne shi ma. Kalmar ba ta ce sai an jima ba, ta ce dai wani ne zai aiwatar maka.

Abdul-Razak:
Damuwata ɗaya, ban cika jin sallahu a bakin yarana ba, saƙo suke cewa. Sai dai saƙo muna buƙatarsa ga abin da sabar, kwamfutar da ke amsa buƙatun wasu, ke aikawa, gara kowanne da sunansa. Zan koya musu ita. Na riga na rubuta abin da zan sa a allo: "Ka ba readFile sunan fayil da sallahu, ka fara duba kuskure." Matsalar buɗe fayil, a cikinsa a karanta, a cikinsa a rubuta wani, har rubutu ya yi ta gangarawa dama, ita ce sallahu cikin sallahu. Daga nan zan kai su ga Promise da ya shigo JavaScript a 2015, wannan kam alkawari ne. Saura zagayen nan da mai shago ke yi yana duba wanda aikinsa ya dawo. Malam Sani, a Kumasi me kuke ce masa?