"Taura biyu ba ta taunuwa": ta hau kan littafin sa'o'in matuƙin jirgin sama?

Ɗalibar Tuƙi:
Assalamu alaikum. Ina rubuta sa'o'in tashina a littafin takarda, ina kuma shigar da su a manhajar waya. Wani babba ya ga haka ya ce mini, "Taura biyu ba ta taunuwa." Don Allah karin maganar ta hau nan kuwa? In ta hau, wanne zan bari?

Mataimakin Kyaftin:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ta hau daram. Ana faɗinta ga wanda ya haɗa abu biyu a lokaci guda alhali kowanne na son hankalinsa duka. Mai littafi biyu yakan wayi gari da jimilla biyu. Misali, kina rubuta awa da minti a takarda, manhaja kuma tana lissafi da ɗigo. 1.3 awa ɗaya ce da minti 18, ba awa ɗaya da rabi ba, domin kowane 0.1 na awa minti 6 ne. A layi ɗaya ba a ganin ɓarnar, sai layuka sun kai ɗaruruwa. Ki riƙe manhajar kawai, ita ba ta kuskuren tarawa.

Malamin Tuƙi:
Ɗan'uwa, ban yarda ba. Taura biyu abu biyu ne masu takara da juna. Asali da kwafinsa ba takara suke ba. Kuma akwai abin da ka tsallake: sa hannun malami. Izinin tashi kai kaɗai karo na farko, shaidar kammala horo, sakamakon gwaji, duk da biro aka sa musu hannu a littafin yawancin ɗalibai. In ta kwashe lambobi zuwa waya ta watsar da takardar, ta kwashe adadi ta bar shaida. A Amurka sashe na 61.51 na dokokin FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, ya wajabta rubuta horo da gogewar da ake neman lasisi da su, malami kuma ya sa hannu kan horon da ya bayar. A Turai ƙa'idar FCL.050 ce ke magana kan rubuta lokacin tashi. Hukumomi da dama suna karɓar na lantarki, amma kowace da sharuɗɗanta, sai mutum ya duba na hukumar da ta ba shi lasisi.

Mataimakin Kyaftin:
Malam, ai akwai manhajoji irin su ForeFlight da LogTen da malami zai iya sa hannu a cikinsu. Ga shi suna tuna maka ko ka cika tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 kafin ka ɗauki fasinja. Takarda ba ta tuna wa kowa komai.

Tsohon Kyaftin:
'Ya'yana, ku duka kun taɓa gaskiya, amma ni a ganina wanda ya yi mata karin maganar ya jefa ta inda ba gurbinta ba. Wadda ta fi dacewa ita ce "Ba a fafe gora ranar tafiya." Matsalar ba yawan littafi ba ce, jinkirin daidaita su ne. Lasisi mafi girma na matuƙin jiragen sufuri (ATPL) bisa ma'aunin ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, yana buƙatar awa 1,500, kuma ba jimilla kaɗai ake dubawa ba: nawa ne na dare, nawa ne na tuƙi da na'urori, nawa ka yi kana jagoran jirgi, nawa kana mataimaki. Na ga matasa sun zauna daren jajibirin ganawar neman aiki suna neman inda awa goma ta maƙale tsakanin littattafai uku. Abin yana ba ni tausayi ƙwarai, domin sa'o'in nan da guminsu suka same su.

'Yata, ki zaɓi ɗaya ya zama uwa, ɗayan ya bi shi. In za ki haɗa, ki shigar da tashi ɗaya bayan ɗaya, duk shafin da kika gama ki gwada jimillarsa da ta manhaja kafin ki juya. In kika sami kuskure a takarda, ki ja layi ɗaya a kansa yadda za a iya karanta na farko, ki rubuta daidai, ki sa hannu. Kada ki goge, kada ki shafe da farin fenti. Sa'o'in na'urar kwaikwayon tuƙi su zauna a gurbinsu daban. Ki ɗauki hoton kowane shafi mai sa hannu, ki riƙa fitar da kwafin abin da ke manhaja kina ajiyewa a wani wuri, don kamfani na iya rufewa, waya na iya ɓata.

Ɗalibar Tuƙi:
Na gode, Baba. To ke nan babu inda karin maganar farko za ta shiga?

Malamin Tuƙi:
Akwai. Ranar da littattafan suka saɓa kuma kika kasa cewa wanne ne gaskiya, ranar sun zama taura biyu. Haka wanda yake rubuta ɗaya da lokacin UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, ɗayan da agogon gari, tashin dare ɗaya ya faɗa kwanan wata biyu.

Mataimakin Kyaftin:
Wannan na karɓa, Malam. Amma har yanzu ina kan cewa uwar ta zama manhaja, takarda ta zama ma'ajiyar sa hannu.

Tsohon Kyaftin:
Ba laifi, ɗana, in hukumarka ta amince da hakan. Ita dai ta fara daidaitawa tun yanzu da shafukanta ba su da yawa.