Wa ya taɓa sake saka Windows a laftof mai Ubuntu a gefe? Ku zo mu ji yadda kuka ƙare

Ɗan_Gangare:
Salamu alaikum jama'a. Laftof ɗina HP ce ta hannu, akwai Windows 10 da Ubuntu 22.04 (wani nau'in Linux) a kan had dis ɗaya. Tunda aka daina yi wa Windows 10 ofdet tun 14 ga Oktoba 2025 nake so in share ta in saka 11, dama ta yi nauyi sosai. Abin da ke ban tsoro fatishan, wato ɓangarorin da aka raba had dis ɗin, har bakwai ne a ciki, akwai C, akwai D inda nake tara fayil, sai root (inda Ubuntu kanta take) da home (inda fayilolina na Ubuntu suke) da swap na Ubuntu, da wasu ƙanana biyu da ban san aikinsu ba, kuma duk aikin furojet ɗina yana home. Wanda ya taɓa yi don Allah ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa, ba na ji an ce ba.

Injiniya_Bukuru:
Wa'alaikumus salam ƙanina. Na yi a tawa, ita ma HP. Ina gama sakawa na kunna sai kawai ta zarce Windows, wannan baƙin allon na GRUB da kake zaɓar wanda za ka shiga ya ɓace ɓat, wallahi sai da gabana ya faɗi. Ashe babu abin da ya samu Ubuntu, Windows ce kawai ta tura kanta gaba a layin but, wato jerin wanda zai fara tashi in an kunna. Na kashe na kunna ina danna F9 sai ga ubuntu a jerin, na shiga lafiya lau, daga baya na shiga BIOS, wato setin na'urar da ake shiga kafin Windows ta tashi, na maida shi sama, magana ta ƙare. A Dell da Lenovo yawanci F12 ne.

Amma ka saurara da kyau. Kafin ka taɓa komai shiga Ubuntu ka buɗe GParted, manhajar da ke nuna fatishan, ko ka rubuta lsblk a terminal, ka ɗauki biro da takarda ka rubuta girman kowane fatishan, ko ka ɗau hoton sikirin ɗin da waya. Dalili shi ne allon saka Windows ba zai ce maka wannan home ne wannan root ne ba, Drive 0 Partition kaza kawai zai rubuta da girmansa, ba ya karanta ext4, tsarin da Ubuntu ke ajiye fayil da shi. Da girman za ka gane C. Shi kaɗai za ka yi wa fomat. Ɗan ƙaramin nan mai kamar 100MB ko 260MB da aka rubuta wa System, shi ne EFI, su biyun duk a nan suke ajiye fayilolin tashi, ka ɗauke hannunka daga kansa.

Maman_Hanif:
Ni dai tawa ba daɗin ji. Na kai wa wani mai gyara a wajen Taminus, na ce masa da bakina Windows kawai za ka sake min, akwai Linux a ciki da nake koyon Python da shi. Ya ce Hajiya ba komai an gama. Da na dawo sai ya ce wai ya ga wasu fatishan da babu komai a cikinsu suna cinye min wuri ya goge su, har yana jiran in yi masa godiya. To ai Windows ce ba ta ganin cikinsu! Allah ya taimake ni bai haɗe wurin da C ba, haka ya bar shi fili. Ƙanin maigidana ya tashi laftof ɗin da filas mai Ubuntu ya yi amfani da manhajar TestDisk, ya gano fatishan ɗin ya dawo da teburin fatishan, na samu kayana. Ya ce da an rubuta wani abu a wurin da sai dai haƙuri. In za ka kai wa wani ka tsaya a kansa har ya wuce wannan allon, ko da zai ji haushi.

Abban_Rikkos:
Maman Hanif Allah ya kyauta gaba. Ni a ra'ayina in babu had dis na waje da ka kwafe home da D a ciki to kar ma a fara zancen. Sannan ka cika batir, ni ana tsakiyar kwafar fayilolin Windows aka ɗauke wuta, batirin kuma dama ya mutu, sai da na faro daga farko.

Tsohon_Soja_Linux:
Injiniya maganarka haka take amma ga mai UEFI, wato sabon tsarin tada kwamfuta. Tawa tsohuwar Dell ce mai Legacy, tsohon tsarin tashi, da MBR, tsohon tsarin raba dis, a nan Windows kan GRUB ɗin take rubutu kai tsaye, ko ka danna F12 har yatsa ya yi ciwo ba za ka ga ubuntu ba. Sai da na tashi da filas na zaɓi Try Ubuntu, na jona hotsifot ɗin waya na saka Boot-Repair, na danna Recommended repair, ya dawo min da GRUB. Saboda haka Ɗan_Gangare ka fara duba naka wanne ne, a Windows rubuta msinfo32 ka dubi BIOS Mode. In Legacy ka gani akwai aiki a gabanka don Windows 11 UEFI take so da TPM 2.0 (wani sashen tsaro na na'urar), furosesan Intel kuma daga ƙarni na 8 zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan. Kuma in kana haɗa filas ɗin saka Windows da manhajar Rufus ka zaɓi GPT, sabon tsarin raba dis, in dis ɗinka GPT ne, kar ka saka ɗaya a UEFI ɗaya a Legacy, GRUB ba zai iya tada ɗayan ba sai dai kullum ka riƙa shiga BIOS kana juyawa. Ni yanzu Ventoy nake amfani da shi, filas ɗaya na zuba ISO, wato fayil ɗin sakawa, na Windows da na Ubuntu a ciki, ka ga in abu ya kwaɓe ba sai ka je aron laftof ɗin maƙwabci da daddare ba.

Ɗan_Gangare:
Na duba Baba, UEFI ne alhamdulillah, i5 ƙarni na 8.

Ummi_Naraguta:
Ni akasin naku na yi, Ubuntu na sake na bar Windows. A wajen saka 24.04 na zaɓi Manual installation, wanda a da ake rubuta Something else, na nuna masa root na ce ya yi fomat, home kuma na ce ya jona shi a /home ba tare da fomat ba, na sa yuzanem ɗina na da sak. Ina shiga har hoton bangon sikirin ɗina da bukmak ɗin burauza na tarar, manhajoji ne kawai na sake saukewa. Wanda ya ban wahala BitLocker ne, abin da Windows ke kulle dis da shi, ranar da na koma Windows sai ga shuɗin allo wai in kawo makulli mai lamba 48, ni ban ma san an kulle dis ɗin ba. A akawun ɗina na Microsoft na same shi ta waya. Yaya ka duba ko D ɗinka a kulle yake ka kwafi makullin tun yanzu, in ka share C babu shi D ɗin ya zama kallo.

Wata ƙawata kuma Windows ce ta ƙi fitowa a GRUB ɗinta, sai da muka ƙara GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false a cikin /etc/default/grub muka yi sudo update-grub.

Malam_Bauchi_Road:
Abin da Injiniya ya ce kar a taɓa, a tawa an taɓa. Yaron shagona ya goge EFI ɗin, Windows ta ƙirƙiri sabo. Mun dawo da GRUB amma Ubuntu ta tsaya a emergency mode ta ƙi gaba, ashe fayil ɗin /etc/fstab tsohuwar lambar shaida (UUID) ta EFI yake nema, ita kuwa ta tafi da gogewar. Na rubuta blkid na kwafi sabuwar na canza a layin /boot/efi, ta tashi. Gyaran bai kai minti biyar ba, gano shi ne ya cinye mana yini.

Injiniya_Bukuru:
Af, na manta abu biyu. Sabuwar Windows tana zuwa da Fast Startup a kunne, in ba ka kashe shi a Power Options ba Ubuntu za ta buɗe maka D amma ba za ta bari ka ajiye komai ba. Sai agogo, duk sanda ka fito daga Ubuntu ka shiga Windows za ka ga ya koma baya da awa ɗaya, saboda Linux da UTC, wato lokacin GMT, yake saita agogon na'urar mu kuma a Najeriya muna gaba da awa ɗaya. Na taɓa zaune ina jiran La'asar ashe har an idar. Ko dai ka gyara ta Windows ko a Ubuntu ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1.

Maman_Hanif:
Kuma ka sauke diraiban waifai na laftof ɗinka ka ajiye a wani filas kafin ka fara. Windows 11 tana neman intanet a tsakiyar setin, tawa ba ta ga waifai ɗin ba sam, sai da muka jona waya da kebur muka kunna USB tethering sannan ta wuce.