Ɗaukar hoton ƙwaro da lens ɗin maikuroskof: abin da na tsinta a hirarmu

Jama'a ga abin da masu ɗaukar hoton idon ƙuda da fiffiken malam buɗe littafi suka fi nanatawa.

Kafin ka saya duba jikin objektif ɗin, wato lens ɗin maikuroskof da za ka haɗa da kamara. In kaga 160 a rubuce baya buƙatar wani lens a baya, bututu kawai, tazara kamar milimita 150 daga gindin objektif zuwa sensar kamara. In kaga alamar ∞ to dole sai da tube lens, wato lens na biyu tsakanin objektif da kamara, Nikon da Mitutoyo 200mm suke so, Olympus 180mm. Da yawa lens ɗin Raynox DCR-150 suke sawa a matsayin tube lens saboda sauƙin kuɗi, ko tsohon lens na 200mm a saita fokas ɗinsa can nesa, in kuma ka sa 100mm a bayan objektif 10x (mai ninka girma sau goma) da ke son 200mm zai dawo 5x.

Wahalar tana wajen fokas wallahi, a 10x abin da ke fitowa tas kaurinsa bai wuce maikuron 10 ba, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, shi yasa sai ka ɗauki hoto ɗari ko fiye kana matsar da kamara kaɗan kaɗan sannan manhajar Zerene Stacker ko Helicon Focus ta haɗa maka su su zama hoto ɗaya, kuma ko tafiya aka yi a ɗakin hoton ya girgiza, don haka filasha ta fi, a rufa ƙwaron da farar takarda ko rabin ƙwallon tebur don hasken yayi laushi.

An yi gardama kan Mitutoyo 10x, tazararsa zuwa ƙwaron wajen milimita 34 ce, wurin sa haske a wadace, amma tsada. Ni dai ina bayan masu cewa sabon shiga ya fara da 4x. A liƙa baƙin ƙyalle cikin bututun, in ba haka ba hoton zai yi hazo.