Wane harsashi ɗaya ne zai isa ga gada da gyado a bindiga .308?

Assalamu alaikum manyan maharban Damagaram, ina neman shawararku. Bindigar .308 Winchester ce, zanen cikin bututunta yana juyawa sau ɗaya a inci 12, kuma da takardar izinin farauta daga ma'aikatan gandun daji. Ana son harsashi iri ɗaya da zai yi wa gada, ya kuma yi wa gyado ko abin da ya fi shi, tunda duk canjin nauyin harsashi sai an sake saita madubin hange na bindigar.

Harsashi mai taushin baki (dalma a rigar tagulla) na giram 9,7 yana fita da gudun mita 860 a daƙiƙa. Ga gada ba laifi, amma a ƙasa da mita 60 idan ya bugi kafaɗar gyado, dalmar tana rabuwa da rigar tagulla, ta tarwatse kafin huhu. Dabba ta tsere da rauni, abin da ba mai imani da zai so.

Mai giram 11,7 kuma yana ratsa gada bakinsa bai buɗe ba, ƙaramar huda, jini kaɗan. Na tagulla zalla mai wannan nauyin ya yi tsawo ga juyin zanen bututun: a mita 100 yana huda takarda a karkace.

To mai giram 10,7 irin Nosler Partition, mai shinge a tsakiya, zai raba gardamar? Yana buɗewa a jikin ƙaramar dabba a mita 200? Sannan a zafin Afrilu, in harsasai sun sha rana cikin mota, sakatar bindigar tana yin tauri wajen buɗewa bayan harbi. Zafin ne kawai ke ƙara matsin albarushi, ko a daina amfani da su?