Wai me fasahar zamani za ta tsinana mana a Sakkwato?

Nasiru na Mabera ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ce gare ni, kuma don Allah mai amsawa ya ajiye mini Turancin taro a gefe.

Kimiyyar kwamfuta na karanta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Bayan bautar ƙasa na dawo gida na shiga shirin 3MTT na koya wa matasa fasahar zamani, wanda ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin minista Bosun Tijani ta ɓullo da shi a 2023, yanzu dai ina haɗa manhajar waya daidai gwargwado. Duk taron da aka kira mu, karatu ɗaya ake biya mana: fasahar sadarwa da ƙirƙira su ne za su ɗaga ƙasashe masu tasowa. Sai a kawo labarin Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet da wasu matasa biyu suka kafa a Legas, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 kan kuɗin da ya haura dala miliyan 200. Sai a kawo dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha da Buhari ya sa wa hannu a Oktoban 2022. A tafa, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa.

To ni fa a Sakkwato nake, jihar da rahoton hukumar ƙididdiga ta ƙasa (NBS) na 2022 ya ce kashi 91 cikin 100 na mutanenta suna cikin talauci ta fuskoki daban-daban, ba jihar da ta kai ta. Mahaifina albasa yake saye a Goronyo da Wurno yana lodawa zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas. Na zauna na haɗa masa manhajar lissafi, ya riƙa shigar da buhu nawa ya saya, nawa ya ba 'yan dako, nawa ya ba direba, ita kuma ta fitar masa da riba. Ya karɓi wayar, ya jujjuya ta, ya sa mini albarka sosai. Sannan ya zura hannu aljihun babbar riga ya zaro ɗan littafinsa mai jan bango da yake rubutun ajami a ciki, ya ci gaba da lissafinsa kamar ba a yi komai ba.

Abokan karatuna galibi sun wuce Abuja da Legas. Waɗanda suka rage suna ɗaki suna yi wa kamfanonin waje aiki ana biyansu da dala. Shin akwai abin da mai irin wannan ilimi zai yi a nan ya ƙara wa garin arziki, ko ni ma in haɗa jakata?

Alhaji Mai Albasa:

Wa alaikumus salam. Ni ba ni iya wanga danne-danne, ina faɗi yarona shina rubutawa.

Ɗana, mahaifinka bai raina aikinka ba. Lissafi ne bai taɓa ɓace mishi ba, ka ko kawo mishi maganin ciwon da ba shi da.

Bari in gaya maka abin da waya ta yi muna. Kafin sabis ya iso ƙauyukkanmu, lodi muke yi ido rufe. Ka cika tirela, ka bi ta Kontagora, Mokwa, Jebba, Ilori, sai ka isa Legas ka tarar motocin Aliero sun riga ka sun cika kasuwa. Albasa kuwa ba ta jiran kowa. Ka kwana biyu kana jan ciniki ta fara zubar da ruwa, dole ka saki yadda dillali ya so. Yanzu kafin in sa buhu guda a mota sai na kira Mile 12, na kira Onitsha, na kira Aba, na ji mota nawa anka sauke jiya. Inda kasuwa ta fi kyau can motar za ta dosa. Da 'yar Nokia mai tocila nika yin wanga, ba wata babbar waya ba.

Na biyu kuɗi. Da a ɗaure muke dawowa da su a ƙugu, ƙarƙashin wando, cikin motar dare, ba ka barci sai salati. Mutane nawa anka tare a hanya anka raba su da jarinsu? Yanzu taransifa ce, kana kwance gida alat shina shigowa. Manoman da sunka rantse ba su ba banki, wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ta sa sunka buɗe asusu wajen yaran POS na bakin kasuwa, kuma ba su koma baya ba.

In taimako kake son yi, ga inda jini ke zuba. Lokacin kaka, Maris da Afrilu, albasa kamar a ba ka kyauta. In ka iya riƙe ta har ƙarshen shekara sai ta ninka uku ko fiye. Amma a rudu, wato ma'ajin albasa na gargajiya, muke ajiye ta, damina na kamawa ruɓa ta shiga, wani lokaci abin da za ka zubar ya kusa kai abin da za ka sayar. Sai direba, ya wuce Mokwa ya kashe waya, ba ka san ko mota ta lalace ba ko ya tsaya ɗaukar wani kaya bisa naka. Sai alat na bogi da anka fara cutar tsofaffinmu da shi. Ka gyara min guda cikin ukun nan, ni da kaina zan kai ka wajen 'yan ƙungiya.

Malam Shehu, Arkilla:

Alhaji ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Ni malamin tattalin arziki ne, zan ɗan ɗora abin da ke cikin takardu, don ya yi daidai da abin da ya faɗa.

Ba sai mun je nesa ba. Wata mai bincike Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da sabis ke shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Ta gano cewa inda waya ta isa, tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalilin shi ne wanda Alhaji ya bayar: ɗan kasuwa ya daina ƙona kuɗin mota don kawai ya je ya jiyo farashi, kaya kuma sun koma tafiya inda aka fi bukatarsu. Babu wata manhaja a cikin lamarin, kira ne kawai.

A Kenya, kamfanin waya na Safaricom ya fito da M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta waya, a 2007. Da ƙaramar waya da saƙon tes yake aiki, ƙarfinsa kuma yana ga dubban masu shaguna da ke karɓa da biyan kuɗi a ƙauyuka. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa ya fitar da gidaje kusan 194,000 daga matsanancin talauci, kuma gidajen da mata ke riƙe da su ne suka fi cin moriyarsa. Indiya ta kafa tsarin biyan kuɗi na UPI a 2016, zuwa 2023 ana hada-hada sama da biliyan 10 a wata guda ta cikinsa, har mai shayin bakin titi da shi yake karɓar kuɗinsa. Mu ma nan, kafin a ba da lasisin GSM a 2001 layukan tarho a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, yau sun haura miliyan 150.

Nasiru, ka lura duk waɗannan ba su ƙirƙiro wa mutane sabuwar sana'a daga sama ba. Sana'ar da ke hannunsu suka rage wa asara da ɓata lokaci, abin da aka tsira da shi ya koma jari. Haka arzikin ƙasa ke ƙaruwa. Aikin dala daga ɗaki ba laifi ba ne, halal ne, in ka samu ka kama, ya riƙe ka. Sai dai gida ɗaya yake ciyarwa. Wanda ya rage ruɓar albasa ko da kaɗan ne, ya taɓa aljihun manomi, da ɗan dako, da direba, da matar da ke cefane a Ibadan.

Maman Hanifa, Runjin Sambo:

Ƙanena, ni ban yi zurfi a boko ba, amma da wayar nan nake ci da sha. Jakunkuna da takalma da filallikan fata nake sayarwa, na fatar jar akuyarmu, wadda tun zamanin fatake ake ƙetara hamada da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Ina da dukawa da nake ba aiki a cikin gari. Ban da shago. A sitatus na WhatsApp da Instagram nake baje kaya, mai so ta turo kuɗi, in kai tasha a yi webil zuwa Kano ko Abuja ko Fatakwal. Da, sai wani ya zo ya kwashe kayan dukawan nan da arha ya kai Abuja ya ci ribar shi kaɗai. Yanzu baduku ya san nawa ake sayen jakarsa a can, don ina nuna masa.

Abin da ke ba ni wahala ba babba ba ne a wajenku. Hoto ne. Jakar da ta sha aikin hannu, in na ɗauke ta a kan ledar ɗaki da rana tsaka sai ta fito kamar ta roba. Sai yarda, baƙuwa ba ta son turo kuɗi kafin ta ga kaya, ni kuma ba na sakin kaya kafin in ga kuɗi, haka ciniki ke watsewa. Ga data ta ƙara tsada tun da aka amince da ƙarin kashi 50 a farkon 2025.

Kuma duk abin da za ka haɗa, ka sa ya yi magana da baki, da Hausa. Matan da nake hulɗa da su a unguwa, da dukawan kansu, saƙon murya suke turawa. Ka sa musu rubutu, an gama da kai.

Ɗan Sabon Birni:

Ku dai na cikin gari kun ji daɗinku. A Satumbar 2021 an rufe sabis a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda 'yan bindiga, tamu na ciki, Goronyo ma na ciki. Masu POS suka rufe rumfa, ciniki ya tsaya cik. Wanda ke kusa da iyaka sai ya nemi layin Nijar, ya hau tudu yana ɗaga waya sama. Manomin da ba ya iya zuwa gonarsa, wace manhaja ce za ta yi masa noma?

Ni ƙirƙirar da na gani da idona ta sauya rayuwa ita ce sola. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 injin ban ruwa ya gagari ƙaramin manomi, masu hali suka koma famfon sola a fadama. Masu cajin waya ma sun jingine janareta. Matsalar, in ya samu tangarɗa sai an ɗauko mai gyara daga cikin gari a biya masa kuɗin mota. Ka koya wa yara goma gyaransa a ƙauye ka ga ko ba za su ci abinci ba.

Nasiru na Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Maman Hanifa, maganar hoto mai sauƙi ce, farin ƙyalle da inuwar safiya kawai ake bukata, ki turo yaro in nuna masa. Malam, dalar ma ba zan ƙi ta ba.

Baba Alhaji, na direba akwai na'urar bin sawun mota a kasuwa, matsalar ko masu tirela za su yarda a liƙa musu. Na rudu ne ya tsaya mini a rai. Akwai 'yar na'ura mai arha da ke auna zafi da laimar iska, ana iya haɗa ta da ƙaramar sola ta riƙa turo saƙo a waya in abin ya wuce ƙima. Amma me za a yi in saƙon ya shigo? Ana iya juya albasar ko a buɗe mata iska? Kuma a wane wata ruɓar ta fi tsanani?

Alhaji Mai Albasa:

Ana buɗewa a tsince ruɓaɓɓu kafin su kama na kusa da su, matsalar ba mu sanin lokacin sai wari ya fito. Daga Yuli zuwa Agusta abin ya fi muni. Amma wanga ba maganar waya ba ce. Ka samu mota a tasha ka zo Goronyo bayan Juma'a, yarona zai tarbe ka da mashin. Ka taho da na'urar taka, kuma ka sa takalmin da ba ka so.