Cibiyar binciken sufuri: hana haɗari kawai, ko har da wanda ba shi da mota?

Injiniya: Jama'a ni fa ban yarda da sabon salon nan na wai cibiyoyin binciken sufuri na jami'o'i su koma maganar adalcin zirga-zirga ba. Ku ɗauki UMTRI ta jami'ar Michigan a Amurka, tun 1965 aka kafa ta da kuɗin kamfanonin mota, aikinta a rage mutuwa a hanya, bel, kujerar yara, fitilar mota, gwajin karo. Duk shugaban da ya zo ya karkatar da ita zuwa waye ke da mota waye ba shi da ita, siyasa ya shigo da ita, kuma masu ba da kuɗin za su janye, wannan shi ne ra'ayina.

'Yar Ann Arbor: Yaya Injiniya ka yi haƙuri amma a Ann Arbor, garin da jami'ar take, nake karatu. Mcity da jami'ar ta buɗe a 2015, fili eka 32, an gina tituna da danja da fuskokin shaguna na gwaji don a koya wa mota tuƙa kanta, abin sha'awa wallahi. To daga nan zuwa Detroit bai kai awa ɗaya a mota ba, kuma can gidaje da yawa ba su da mota ko ɗaya, na tsaya a tashar bas a watan Janairu na ga tsohuwa da ledar magani a hannu tana buga ƙafa a ƙanƙara saboda sanyi, bas bai zo ba har na bar wajen. A 2015 ma ai labarin wani mutumin Detroit ya zaga duniya, mil 21 yake takawa a ƙafa kullum zuwa aiki da dawowa saboda bas ba ya kaiwa. Ita ma wannan matsalar sufuri ce ai, wa zai bincike ta in ba su ba?

Injiniya: Ƙanwata wannan aikin 'yan majalisa ne da masu jefa ƙuri'a. A 2016 an kai maganar harajin inganta bas na yankin Detroit gaban jama'a, suka ƙi. Farfesa zai tilasta musu ne?

Malama: Ba tilastawa ba Injiniya, abin da aka auna shi ake gyarawa. Shekara da shekaru ana auna saurin da mota ke wuce mahaɗa, ba a auna mutum nawa ne za su iya kai wa asibiti cikin minti talatin ba tare da mota ba. Kuma injiniyoyi ne fa suka zana titin I-375 na Detroit da aka buɗe a 1964, ya bi ta kan titin Hastings inda kasuwancin baƙaƙen fata yake, lissafinsu na motoci daidai ne, mutanen unguwar ne ba su shiga lissafin ba.

Baban Yara: Ni abin da ya ja hankalina, ko a hana haɗarin da Injiniya ke karewa akwai wannan magana. Mutum-mutumin gwajin karo da aka fi amfani da shi tun shekarun 1970 jikin matsakaicin namiji ne, na macen ƙanƙanta shi kawai aka yi. Sannan masu tafiya a ƙafa sama da 7,000 mota ta kashe a Amurka a 2022.

Injiniya: Wannan kam na karɓa, kuma UMTRI ɗin ta daɗe tana aiki a kan tsaron masu keken guragu a cikin mota. Tsorona ɗaya, shugaba ya zo ya sauya suna da taken cibiya, ƙwararrun da suka yi shekara talatin a ɗakin gwaji su ji an mayar da su saniyar ware su kama gabansu.

'Yar Ann Arbor: To kar ya kore su Yaya, ya ba su sabuwar tambaya, ya zaunar da su da direbobin bas da masu hawa, ya ware wani kaso na kuɗin bincike. Ni da na gama ma gida zan dawo da wannan, a Kano mun ga gadojin sama a Ƙofar Nassarawa da Dangi, ina so in tsaya da takarda in ƙirga minti nawa mai talla da tire a ka take yi kafin ta tsallaka.

Injiniya: In kin zo ki neme ni, ina da ɗalibai biyu da za su taya ki ƙirgar, amma da safe da yamma za a yi, har ranar Juma'a.