Takalmin gudu mai siririn ƙasa: wa ya gwada shi a Legas?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda ya taɓa gudu da irin takalman nan marasa tudu, masu siririn ƙasa da faɗin gaba, waɗanda in ka sa su kamar ba ka sa komai ba. Na samu ɗaya a gwanjo a Katangowa. Abin da ya sa na saya, gwiwata ta dama ta daɗe tana damuna in na yi sassarfa da takalmi mai tudu. Yanzu gwiwar ta lafa, alhamdu lillahi, amma sha-raɓata ta ɗaure tamau, da safe sai na dafa bango nake takawa. Kowa haka ya ji, ko ƙafata ce ba ta karɓe shi ba?

Baban Khalifa, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ƙafarka lafiya lau take, aiki ne ya sauya mata. Takalmin gudu na yau da kullum diddigensa ya fi gabansa tudu da kamar milimita 8 zuwa 12, shi ya sa mutum ke dira da diddige bai ji komai ba. Wannan kuwa a shimfiɗe yake, in ka dira da diddige a kwalta sai ka ji har tsakar kanka, don haka jiki da kansa yake komawa dira da gaban tafin ƙafa. A 2010 Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard ya auna masu gudu a Kenya da Amurka, ya ga yawancin waɗanda suka tashi da gudu ba takalmi haka suke dira. To nauyin da gwiwa ke sha bai ɓace ba, sauka ya yi zuwa sha-raɓa da agara. Ni ma na sha wannan ɗaurewar a farko. Na rage tazarar taku, na bar miƙa ƙafa can gaba, kuma ina barin diddigen ya taɓa ƙasa a hankali bayan gaban ya sauka. Kada ka yi gudu a kan yatsu, shi ke ƙara ɗaure naman.

Malam na Mile 12:
Yara, ku bari in sa baki. Ni a ƙauye na tashi a ƙasar Katsina, gona da kiwo duk ba takalmi, in an samu na taya to ranar kasuwa ce. Da ɗana ya kawo min irin wannan takalmin na yi murna, don raina yana son in ji ƙasa a tafina kamar da. Amma ƙasar ƙauyenmu rairayi ce mai laushi, tana karɓar ƙafa. Kwaltar Legas ba ta karɓar komai. Kuma shekarun da na yi cikin rufaffen takalmi sun tafi da kantar da ke tafina, sun tafi da ƙarfin yatsun. Duk wanda ke cewa mu 'yan arewa mun saba don haka ba sai mun bi a hankali ba, bai yi wa kansa adalci ba. A filin ƙwallon unguwa kawai nake sa shi yanzu. Cikin kasuwa kuwa ko kusa, ga ƙusoshin akwatuna, ga fasasshiyar kwalba, ga taɓo da damina.

Mai Gadi, Ikoyi:
Baba, gaskiyarka a kan kasuwa, amma akwai inda kwaltar ke da daɗi. Ina tashi daga aiki da asuba in hau gadar Lekki zuwa Ikoyi, wadda aka buɗe a 2013. Tsawonta bai kai kilomita ɗaya da rabi ba, sumul take, kana ganin duk abin da za ka taka. A nan na fi jin daɗinsa. In ruwan sama ya jiƙa shi, kafin in kai gida ya kusa bushewa, ba kamar mai soso ba da ke kwana da danshi. Da rana tsaka ne ba ya yiwuwa, zafin kwalta na ratsa shi. Kuma ku tuna Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci gudun fanfalaki na Olamfik a Roma a 1960, awa 2 da minti 15. Allah ya halicci ƙafa da ƙasusuwa 26, ba don a ɗaure ta cikin soso ba.

Baban Khalifa, Idi-Araba:
Haka ne ɗan uwa, sai dai a cika labarin. Bikila ya sake ci a Tokyo a 1964 da takalmi a ƙafarsa, kuma a awa 2 da minti 12. Mutumin ne gwani, da takalmi ko babu.

Injiniya, Yaba:
Ni labarina ba mai daɗi ba ne, kuma saboda Ɗan Agege zan ba da shi. Ina shirin gasar gudun fanfalaki ta Legas ta watan Fabrairu, wadda a lokacin ke tashi daga filin wasa na ƙasa a Surulere ta bi ta gadar Third Mainland, kilomita 42. Na koma wannan takalmin na ci gaba da nisan da na saba. Numfashi lafiya, gwiwa lafiya. Sai wani ciwo ya fara a bayan ƙafata ta sama, wuri ɗaya tak, in na danna da yatsa kamar an soka allura. Hoto ya nuna ƙashi ne ya tsage, cikin dogayen nan da ke zuwa yatsu. Likita ya ce nama na saurin sabawa da sabon aiki, ƙashi kuwa sai ya ɗauki watanni. Gasar ta wuce ina zaune a gida, kuma abin ya yi min ciwo ƙwarai. Ƙanina, ciwon sha-raɓa da ke sakin ka bayan ka ɗan taka ba abin tsoro ba ne. Wanda ya tsaya a wuri ɗaya a kan ƙashi, ko agara ta kumbura, ka ajiye gudu ka je asibiti.

Abu ɗaya kuma, kada tallan ya ruɗe mu. Kamfanin Vibram mai takalmin nan da kowane yatsa ke da gidansa ya amince a 2014 ya biya dala miliyan 3.75 a Amurka, don a kashe ƙarar da aka kai shi kan cewa ya yi iƙirarin amfanin lafiya ba tare da hujja ba.

Hajiya ta Surulere:
Sannu Injiniya, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ba gudu nake ba, tafiya muke da sauri mu da wasu mata a harabar filin wasa ranar Asabar. Abin da ya riƙe ni ga takalmin nan faɗin gabansa. Ƙafata mai faɗi ce, duk takalmin da na saya sai ya matse min babban yatsa ya tura shi ciki, har gefen ya kumbura. Da wannan yatsuna suka samu sarari, na daina cire takalmi a mota in murza ƙafa. A gida na fara sa shi, ina aikace-aikace, kafin na fita da shi waje. Roƙona ɗaya, mai ciwon suga kada ya saya sai ya tambayi likitansa. Yayata tana da shi, tafinta ba ya jin abu sosai, tsakuwa za ta iya ji mata rauni ba ta sani ba, kuma kun san raunin mai suga ba ya saurin warkewa.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Injiniya, na danna ƙashin ko'ina ban ji komai ba, naman ne kawai. Zan koma tsohon takalmina a doguwar fita, wannan kuma in riƙa yin ɗan kaɗan da shi a filin ciyawa. Baban Khalifa, sai sha-raɓar ta saki gaba ɗaya zan sake sa shi, ko zan iya tafiya da shi kafin nan?

Baban Khalifa, Idi-Araba:
Tafiya ba laifi, yi abarka har zuwa masallaci da shago. Gudun ka jira sai ranar da ka sauko daga gado ba ka nemi bango ba. Kafin nan ka riƙa tsayawa a bakin matakala kana ɗaga diddige kana saukewa a hankali, safe da yamma.